Yadda Ake Haɗa Bonar Gas ta Tanda da Tukunyar Ruwan Zafi, da Yadda Ake Gano Matsalarta

A ƙasashen da sanyi ke tsanani ana haɗa bonar gas, wato na'urar da ke gauraya gas da iska ta ba da wuta, domin ɗumama ɗakuna, amma a Legas, inda ko a tsakiyar hunturu mutum yakan kwana da fanka, aikinta daban ne. Inda za ka same ta shi ne gidajen burodi na Agege da kewaye, da otal-otal masu tukunyar ruwan zafi, da wuraren wanki da guga, da wajen masu suyar gyaɗa da cincin. Da yawa daga cikin mutanenmu da ke riƙe da irin waɗannan wurare sun baro itace da dizal sun koma gas, sai dai akasarinsu sun sayi bonar ne kawai, ba su tanadi abin da zai ciyar da ita ba.

Abin da na fi gani a wannan aiki shi ne ana ɗora wa bona laifin da ba nata ba. Ita bona abu uku take nema: gas mai isasshen matsi, da iska daidai gwargwado, da wutar lantarki mai kyau idan mai fanka ce. Idan ta ƙi kamawa, ko ta kama ta mutu, mafi yawan lokaci ɗaya daga cikin ukun nan ne ya gaza, kuma wanda ya fara da kwance bonar kafin ya duba su ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Gas ɗin da za ka ƙona

Gas iri biyu ne a Legas. Akwai na tukunya, wato silinda, wanda kowa ya sani, haɗin furofen da buten ne da aka matse ya zama ruwa. Akwai kuma na bututu, wanda ake kai wa manyan masana'antu a wurare irin su Ikeja da Apapa. Ba a musanya su a bona ɗaya sai an canza jet, wato ɗan ƙaramin ƙarfen nan mai huda da gas ke fitowa ta ciki, domin gas na tukunya ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka hudar jet ɗinsa ta fi ƙanƙanta. Wannan ya fi shafar masu sayen bona ta hannu, wadda aka shigo da ita daga Turai, inda gas na bututu ya fi yawa. Idan ka ɗora irinta a kan tukunya ba tare da canza jet ba, za ta ba ka doguwar wuta ja mai baƙin hayaƙi, ta cinye maka gas a banza. Kafin ka biya kuɗi, karanta farantin da ke manne a jikinta, domin a nan ake rubuta nau'in gas, da matsin da take so, da ƙarfinta.

Lissafin tukwane

Nan ne ya kamata a tsaya a natsu, domin nan ne aka fi yin kuskure. Kilo ɗaya na gas ɗin tukunya yana ba da zafin da ya kai kimanin kilowat 13 na tsawon awa guda. Idan an rubuta ƙarfin bonarka da kilokalori, kamar yadda ake yi a yawancin waɗanda ke kasuwa, sai ka raba adadin da 860 ka sami kilowat. Bonar da aka rubuta mata 50,000 ta kai kimanin kilowat 58 ke nan, kuma za ta ci kusan kilo 4 da rabi a kowace awa idan tana aiki da cikakken ƙarfinta.

Mutum zai ce to ai tukunya mai kilo 50 za ta kai shi awa goma sha ɗaya. A lissafin takarda haka ne, amma tukunya ba ta aiki da lissafin takarda. Abin da ke cikinta ruwa ne, kuma kafin ya fito a matsayin gas sai ya tafasa, tafasar kuwa tana buƙatar zafi, wanda yake zuƙa daga iskar da ke kewaye ta jikin ƙarfen. Idan ana jan gas fiye da yadda zafin ke shiga, sai ruwan ya yi sanyi, matsi ya faɗi, ka ga jikin tukunyar yana gumi, wani lokaci har ƙanƙara ta kama ƙasanta alhali ana zufa a waje. Tukunya mai kilo 50 ba ta iya ba da abin da ya wuce kimanin kilo 2 a awa idan ana ja babu tsayawa, kuma tana ƙara gazawa yayin da ruwan cikinta ke raguwa. Saboda haka bonar da muka yi misali da ita tana buƙatar tukwane uku a haɗe suna aiki tare, sannan wasu ukun a gefe suna jiran canji.

Alamar wannan matsala ba ta ɓuya. Da asuba wuta takan kama lafiya lau, zubin farko na burodi ya fito yadda ake so, amma bayan awa ɗaya sai ta soma yin ƙasa, tanda ta kasa kai zafinta, alhali in ka jijjiga tukunyar za ka ji da sauran gas da yawa. Daga nan ne ma'aikata ke shiga dabarun da ke kashe mutane: wani ya kwantar da tukunyar, wani ya kwara mata tafasasshen ruwa, wani ma ya matso da ita jikin tanda. Kwantar da tukunya yana tura ruwan gas cikin regileta, wato na'urar rage matsin gas, da tiyo, kuma lita ɗaya ta wannan ruwa takan zama lita kusan 250 ta gas idan ta fito fili. Maganin ɗaya ne, a ƙara yawan tukwane, ko kuma idan aikin ya girma a koma tankin ajiya da masu lasisi ke girkawa.

Inda za a ajiye su

Gas na tukunya ya fi iska nauyi, don haka idan ya zuba ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasa ya bi gangare kamar ruwa, ya taru a kwata da rami da ƙarƙashin bene. A gari irin Legas, inda kusan kowane shago akwai kwata a bakin ƙofarsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ajiye tukwane a waje, a tsaye, a kan daɓen siminti da aka ɗaga sama da inda ruwan damina ke kaiwa, cikin keji mai rufi wanda iska ke ratsawa ta ƙasa. A bar aƙalla mita 2 tsakaninsu da bakin kwata, a kuma nisanta su da janareta gwargwadon yadda fili ya bayar. Na san fili yana tsada a garin nan, kuma sau da yawa lungu ɗaya ne ake so ya ɗauki tukwane da janareta da babur ɗin maigida, amma gas da bai wuce kashi 2 cikin 100 na iskar wuri ba ya isa ya kama da tartsatsi ɗaya. Wanda ya ga abin da gobarar gas ta yi a unguwar Baruwa ta Legas cikin Oktoban 2020 ba ya buƙatar dogon bayani. A kuma duba shekarar da aka buga a wuyan tukunya, domin ƙa'idar SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, ita ce kada tukunya ta wuce shekara 15 tana aiki.

Haɗa layi

Matsin da ke cikin tukunya, wanda masu aikin ke kira firesha, ana auna shi ne da ma'aunin da ake kira bar, kuma yakan kasance tsakanin bar 2 da bar 10 a zafin Legas, ya danganta da yawan furofen da ke cikin haɗin. Bona mai fanka kuwa milibar kaɗan take so, galibi tsakanin 30 da 50, kuma milibar 1,000 ne ke yin bar ɗaya. Shi ya sa ake sauke matsin hawa biyu. Regileta ta farko tana wajen tukwane, ita ke sauke shi zuwa kimanin bar ɗaya domin ya bi bututu, ta biyu kuma tana kusa da bona, ita ke kai shi ga adadin da aka rubuta a faranti. Regiletar girki ta gida ba ta da wuri a nan, domin abin da take iya wucewa da shi bai fi kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa ba, ko da tukwane goma ne a bayanta.

Bututun ya zama na jan ƙarfe ko na baƙin ƙarfe mai kauri, a kafe shi a bango inda ido ke ganinsa. Bututun roba na ruwa da tiyon ban ruwa ba su da hurumi a layin gas. Inda dole sai an sa tiyo, a sa na gas wanda aka buga wa shekara da adadin matsin da yake ɗauka, ya zama gajere, a ɗaure bakinsa da kilif na ƙarfe maimakon waya ko robar taya. Kafin bona a jera bawul na hannu a inda mutum zai kai gare shi ba tare da ya ratsa gaban wuta ba, sai matata, sai regileta ta biyu, sai geji mai allurar nuna matsi. Mutane sukan ƙi sayen gejin nan don ganin kuɗinsa, alhali shi ne zai gaya maka cikin minti ɗaya ko matsalar ta gas ce ko ba tasa ba.

Idan an gama haɗi, a bar bona a kashe amma bawul na hannu a buɗe domin gas ya kai ga geji, a buɗe tukunya ɗaya har layi ya cika, sannan a rufe ta a zuba wa geji ido na minti goma sha biyar. In allurar ta sauka, akwai yoyo. A kaɗa ruwan sabulu a shafa a kowace mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ne. Ba a neman yoyo da ashana, kuma hanci kaɗai bai isa shaida ba, domin gas ɗin kansa ba shi da wari, wani sinadari ake zuba masa don a ji shi, kuma wanda ya wuni cikin warin hancinsa yakan saba.

Kunnawar farko da karanta wuta

Bona mai sauƙi, wadda ba ta da fanka, tana da ƙaramar wuta da ke ci kullum, da wani siririn ƙarfe a jikinta mai suna tamokofil. Idan wuta ta gasa kan ƙarfen nan yakan samar da 'yar lantarki kaɗan, milibolt 20 zuwa 30, wadda ke riƙe bawul a buɗe, in wutar ta mutu kuwa sai ya huce bawul ya rufe da kansa. Ana danna makunnin a riƙe, a kunna ƙaramar wutar, a ci gaba da riƙewa na daƙiƙa 20 zuwa 30 kafin a saki. Idan ba ta kama ba, a rufe komai, a buɗe ƙofar tanda, a jira minti biyar kafin a sake gwadawa.

Mai fanka kuwa tana da akwatin sarrafawa da ke bin tsari ɗaya kullum, kuma wanda ya haddace tsarin nan da kunnensa ya yi rabin gyara. Da farko fanka za ta tashi ta yi ta hura iska kimanin daƙiƙa 30 domin ta kore duk gas da ya maƙale a ciki. Sai ka ji ƙarar tartsatsi, sai ƙwas ɗin buɗewar bawul na lantarki, sai wuta. Idan akwatin bai ga wuta ba cikin daƙiƙa uku ko makamancin haka, zai rufe gas ya kunna jar fitila, ba zai sake motsi ba sai an danna masa maɓalli.

Wuta mai lafiya shuɗiya ce, tsayayya, tana zaune a bakin bona, ƙararta ba ta hawa ba ta sauka. Idan ta yi tsawo tana lilo, bakinta ruwan ɗorawa, tana barin kunkunniya a jikin ƙarfe, iska ce ta yi mata kaɗan, sai a buɗe marfin iska a hankali. Idan tana tashi daga bakin bona tana huci kamar za ta tsinke, iska ko matsi ya yi yawa. Idan kuma ta koma ciki tana ruri a cikin bututun haɗa iska, galibi matsi ne ya faɗi, kuma a kashe nan take kafin ƙarfen ya lalace. Akwai abin da ke ruɗar masu gidan burodi: ɗigo-ɗigon ja da ke walƙawa cikin shuɗiyar wuta ƙurar fulawa ce ke ƙonewa, ba ƙarancin iska ba ne, don haka kada a taɓa saiti saboda shi. A riƙa juya abu ɗaya a lokaci guda, a yi alama da fenti a inda aka tarar da shi. Ido yana kai mutum kusa ne kawai, saitin ƙarshe na bona mai fanka sai da na'urar auna hayaƙi a hannun wanda ya iya.

Idan ta ƙi aiki

Ka tsaya ka saurari inda tsarin ya katse. In fanka ba ta ko motsa ba, duba fis da wutar da ke shigowa, sannan ma'aunin zafi, wanda wataƙila yana ganin tanda ta riga ta kai zafin da aka sa masa, sannan makunnin da ke hana bona tashi idan matsin gas ya gaza. In fanka ta tashi amma aka tsaya nan babu tartsatsi, yawanci siririn tiyon da ke kai iska ga makunnin matsin iska ne ya toshe ko ya tsage, ko kuma fulawa ta danƙare a fukafukan fanka. In akwai tartsatsi babu wuta, kalli geji a daidai lokacin da bawul ya yi ƙwas. Idan allurar ta faɗi warwas, gas ne bai isa ba, sai a koma kan matata da regileta da tukwane. Idan kuwa ba ta motsa ba sam, bawul ɗin ne bai buɗe ba, ko jet ya toshe. Tazarar bakin fulogin tartsatsi takan kasance milimita 3 zuwa 4, kuma idan farin tangaran da ke jikinsa ya tsage, tartsatsin yakan tsallaka ta gefe maimakon ya faɗa cikin gas.

Matsalar da ta fi wahalar da mutane a Legas ita ce wuta ta kama sarai, ta yi daƙiƙa kaɗan, sannan ta mutu jar fitila ta kama. An taɓa kirana wani gidan burodi da aka riga aka canza akwatin sarrafawa sau biyu a kan wannan. Na tambayi yaron da ke kwana wajen tanda yaushe abin ke faruwa, sai ya ce, “Oga, ni dai na lura in akwai NEPA lafiya take, sai an tada janareta take wannan halin.” Maigidan ya harare shi, amma yaron ne ya faɗi gaskiya. Akwatin yana gane akwai wuta ne ta wata 'yar lantarki ƙanƙanuwa da ke ratsa harshen wutar daga wani tsinken ƙarfe zuwa jikin bona, ta koma ta wayar ƙasa. Yawancin ƙananan janareta ba a haɗa nutural ɗinsu, wato wayar da lantarki ke komawa ta cikinta, da ƙasa ba, don haka wannan 'yar lantarki ba ta da hanyar komawa, sai akwatin ya ɗauka babu wuta. Haka kuma yakan faru idan an juya layif, wato waya mai wuta, da nutural a soket ko a wajen canja layi. Mai aikin lantarki ne zai gyara wannan: ya kafa sandar ƙasa ta gaske, ya daidaita nutural na janareta, ya tabbatar wayoyin ba su juye ba. Idan duk wannan lafiya yake, sai a goge tsinken da sanfefa mai laushi, a tabbatar yana cikin wuta kuma bai taɓa jikin ƙarfe ba.

A bona mai sauƙi, kwatankwacin wannan shi ne ƙaramar wuta ta mutu da zarar an saki makunni. Ko dai wutar ba ta lasar kan tamokofil sosai, ko notin da ya ɗaure shi ya saki, ko kuma ya gaji, kuma sabo ba shi da tsada. Abin da ba a yi shi ne a ɗaure makunnin da waya, ko a sa guntuwar waya a tsallake makunnin matsin iska don aiki ya tafi. Na sha tarar da irin wannan, kuma a ganina duk makanikin da ya yi maka haka ya cire maka birki ne ya ce mota ta gyaru. Maɓallin jar fitila ma kada a danna shi fiye da sau biyu a jere ba tare da an gano dalili ba.

Hayaƙi

Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da kabon monoksaid, gubar nan da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke kashe iyalan da suka kwana da janareta a cikin ɗaki. Dole bututun hayaƙi ya fita waje ya zarce rufi, kuma a bar kafar shigar iska a ƙasan bango wadda ba a toshewa ko ana ruwan sama. Idan ma'aikata suna kukan ciwon kai da jiri da tashin zuciya a wajen aiki, amma suna warwarewa in sun fita, kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne, a kashe bona a duba hayaƙi. Na'urar gano wannan guba ana kafa ta daidai tsayin kan mutum, ta gano yoyon gas kuwa can ƙasa kusa da daɓe.

In aka ji warin gas mai ƙarfi, a rufe tukwane, a buɗe ƙofofi, a fitar da kowa, kada a taɓa makunnin lantarki ko don kashewa ne, kada kuma a tada janareta. Daga waje ake kiran lambar agajin gaggawa, 112 ko 767.

Iskar Legas mai laima da gishiri tana cin ƙarfe da sauri, musamman a wuraren da ke kusa da ruwa irin su Apapa da Ajah, don haka duk wata a leƙa gindin tukwane da mahaɗun bututu a ga ko tsatsa ta kama, a sake gwajin sabulu, a busa ƙurar fanka, a lanƙwasa tiyo a ga ko ya soma tsattsagewa. Waɗanda ke rufe wurin aiki su tafi gida Arewa yin Sallah su rufe gas tun daga tukwane, su lulluɓe bakin bona. Bayan an dawo kuma, kafin a kunna, a zare bututun haɗa iska a haska tocila a ciki, domin mako biyu ya ishi zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a wurin, ko gizo-gizo ya yi saƙa a bakin jet. A wanke bututun da buroshi, jet ɗin kuma a busa shi da iska, kada a zura masa allura, domin da zarar hudar ta faɗaɗa sai dai a sayi wani.